Armiya'u a Kwance

Bayan magariba Malam Hashimu ya ji wani kuka daga rumbu, kamar kwaɗo ya faɗa tulu. Wayar da ɗansa Armiya'u ya aiko masa ce, wadda ya ɓoye cikin gero saboda ɓarayi. Ya danna, sai ga Armiya'u a fuskar wayar, yana kira daga Ƙaura Namoda, a kwance.

"Mi ya same ka?"

"Lafiya lau, Baba. Tsaye nike."

Malam ya juya wayar, Armiya'u ya juya da ita. Ya kwanta kan tabarma don su daidaita, yaron ya sake kishingiɗewa. Kwana uku ana haka. Kulsumu, matar Malam, ta ce tun yana ƙarami yaron bai faɗin ciwonsa.

Kowa a Moriki ya san halin hanyar Ƙaura, amma Malam ya bar wa Kulsumu wayar, ya ƙulle saiwar magani a hula, ya hau mota. Bai daina salati ba har suka iso.

Ya tarar da Armiya'u a kasuwar hatsi, tsaye cak, da buhun dawa a kafaɗa. Malam ya zagaya shi sau biyu, ya taɓa gwiwoyinsa.

"Yaushe ka tashi?"

"Baba, wayar ce! Akwai ɗan maɓalli mai juya hoto, shi ya rikice. Don wannan ka biyo hanyar ga?"

'Yan kasuwa suka yi ta dariya har Malam ya taya su. Armiya'u ya ce bari su kira Inna hankalinta ya kwanta. Wayar ta daɗe tana kuka kafin a ɗauka. Sai ga Kulsumu, a kwance.

"Ka gani ko?" in ji Armiya'u. "Ita ma a karkace ta riƙe ta. Inna, lafiya?"

"Lafiya lau," ta ce a hankali.

Malam ya yi murmushin wanda ya ƙaro ilimi. Maƙwabcin Armiya'u, mai rumfar wake, ya leƙo ta kafaɗarsu, ya daɗe yana kallo.

"To in wayar ce," ya ce, "mi ya sa randar da ke bayanta take tsaye?"