Alamar Masauki a Ƙofar Inna

Ni na raba Inna da baƙinta, da hannuna, kuma ranar har murna na yi.

Ina da ɗan masauki a Dogon Dutsi, ɗaki shida, yawanci ma'aikata masu zuwa misyon, wato aikin 'yan kwanaki, ke sauka. Ƙanena Luƙman ne ya ishe ni sai mun sa shi a shafin nan na intanet da ake kama ɗakin otel. Ranar da ya yi aikin muna Kore Mairuwa, a tsakar gidan Inna, an gama zaman makokin Baba. Da shafin ya tambayi inda masaukin yake, gwanin naku ya danna "inda nake yanzu". Shi ke nan, alamar masaukin a kan taswirar waya ta sauka a ƙofar mahaifiyarmu. Da asusunsa kuma ya shiga, ya tattara ya tafi Kwatano cin rani.

Bayan sati biyu Inna ta kira ni.

"Rahina, ga wasu bayin Allah da mota, sun ce wayarsu ta kawo su. Na ba su hura."

"Inna, ki turo min su! Baƙina ne!"

"Ke, mutum ya zo ƙohwarka da magariba ka ce mishi ya tahi? Tuwo na bisa wuta."

A ɗakin Baba suka kwana.

Haka aka shiga. Mafi yawa suna ganin katangar ƙasa da awaki sai su juya, su kira ni suna faɗa. Amma Inna ba ta barin kowa ya wuce bai sha ruwa ba, wasu kuwa daga ruwan sai hira, daga hira sai shimfiɗa. Wani likitan dabbobi, Dauda, ya duba mata akuyarta mai ɗingishi. Wata ungozoma Bushira sau uku tana komawa, da gangan, har ta fara kiran ta Inna kamar mu. Matar da tun rasuwar Baba ba ta wuce "lahiya lau" a waya, ta koma sai na ce mata caji zai ƙare. Na ji duk wannan da kunnena, amma ni ɗakunana da ke rufe nake gani.

Na rubuta wa masu shafin. Suka ce taswirar ba tasu ba ce, ta wani kamfani ce. Na bi masu taswirar, suka ce in shiga da asusun da ya sa alamar. Asusun kuma, ashe, na wani kamfani ne na uku, shi kuwa kod na sirri yake turawa a lambar wayar Luƙman, lambar da ya yar tare da waya a tashar mota. Kai! Wata biyar ana jefa ni daga hannu zuwa hannu, ban taɓa jin muryar ɗan Adam ko ɗaya ba.

Da na kai wa Inna kuka, ta ce, "Ki bar shi hakanan mana, ɗiyata. Mi ya ɓaci?"

Na ce, "Inna, sana'a ce, ba wasa ba." Har da ɗaga murya, Allah ya yafe min.

Da damina ta kawo jiki Luƙman ya dawo. Na ja shi har ajans, ofishin kamfanin waya, aka maido masa da lambarsa, kod ya shigo, na ɗauki hoton allon masaukina na tura. Kwana uku alama ta dawo Dogon Dutsi. Ban gaya wa Inna ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba.

Sai bayan wata biyu na je Kore Mairuwa, shi ma don sunan ɗan maƙwabciya. Da la'asar na iske ta a bakin zaure, ta yi wanka ta sa zanenta mai kyau, tana kallon hanya. Tukunyar da ke kan murhu ta fi ƙarfin mutum ɗaya nesa ba kusa ba.

Tana juya carbi ta tambaye ni.

"Rahina, ke da kin san su. Wani ya hwaɗa miki na yi mishi laihi?"

Na ce babu wanda ya faɗa.

"To ko hanya ta lalace da ruwan nan?"

Na ce hanya ce, Inna. Ta gyaɗa kai, ta yarda, kuma yardar ce ta fi ci min rai har yau.

Da na ɗauki jakata ta riƙe min hannu, ta ce in kwana mana, tuwo ya yi yawa. Na ce mata ba zan iya ba, ina da baƙi.