Ranar Yankan Riɗi

Ranar Alhamis da hantsi Hamza ya iske Ubale a gonar riɗi, bayan Ɗanzomo. Ya kafe babur a gindin gawo, ya ratso kunyoyi yana tattare ƙafar wando.

Ofishinsu ɗaya a Gumel, tebur kusa da tebur, har zuwa farkon damina da Ubale ya ɗauki hutun da babu albashi. Ya sayar da adaidaita-sahun da yake ja bayan tashi aiki, ya sayi iri da taki, ya yi hayar shanun huɗa, ya karɓi aron gonar Goggo, ƙanwar mahaifinsa. Tun yana sakandare noma yake so. Takarda ce ta kai shi tebur.

"Sarkin noma, ina wayarka?" in ji Hamza.

"Nan babu sabis. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Kwamitin tantance ma'aikata ya sauka. Yau ake fara dangwala yatsa. Wanda bai je ba, ko hutu yake, an cire shi. Hau mu tafi."

Ubale ya juya ya dubi gonar. Ganye ya yi rawaya ya zube, ƙwanson ƙasa ya fara buɗe baki. Riɗi ba gero ba ne, da zai jira mai shi a kan kara. In ya nuna, ko dai a yanke shi, a ɗaure, a jingine a kan tamfol, ko kuwa ya tsage da kansa ya zube cikin rairayi, inda ba mai tsince shi sai tururuwa. 'Yan ƙwadago sun tafi cin kasuwar Maigatari, ragowar kuma manyan gonaki sun riga sun kwashe su. Daga shi sai Goggo, tana zaune tana ɗaurin dami.

"Tantancewar da ta wuce, kwana nawa muka yi a layi?" Ubale ya tambaya.

"Kai dai taho. Wataƙila a kira ka da wuri."

"Ni Ubale? Da harafin farkon suna fa suke bi. Sai sun gama da duk Abubakar ɗin Gumel."

Hamza bai yi dariya ba. "Mutumina, shekarun da ka yi, da fansho, duk za ka watsar saboda kantun riɗi? Matarka ta san da wannan?"

"Ummulkhair ce ta sayo min laujen."

Hamza ya russuna wajen tsohuwar. "Goggo, don Allah ki sa baki."

"Ni?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Ɗan nan, ba ni na kai shi gwamnati ba, ba ni na kira shi gona ba. In tafiya zai yi, ya dai bar min laujen."

Ubale ya san daɗin albashi: ƙarshen wata, mai shago ya saki fuska, yara su koma makaranta babu kora. Ya kuma san in ya hau babur ɗin nan, kara kawai zai dawo ya tarar, kuma ba shi da wani adaidaita da zai sayar baɗi. Tebur zai koma, har ritaya.

Ya laluba aljihu, ya zaro mabuɗin durowar ofis, ya miƙa.

"Ka kai wa Oga. Akwai ganyen shayi da sukari a ciki, na bar maka."

"Da gaske kake?"

"Hanzarta, kai H ne. Kada a kira ka ba ka nan."

Hamza ya juya mabuɗin a hannu. "Allah Ya sa albarka," ya ce, ya nufi babur.

"Amin."

Ubale bai tsaya kallon tafiyarsa ba. Ya nufi ɓangaren gabas, inda riɗin ya fi nuna, ya sunkuya, ya riƙe karan farko a hankali don kada ya girgiza, ya sa lauje.