Bangon Shagon Miss Icilda

Shekara talatin Mass Linval yana zana fuskokin matattu a bangayen unguwarsu da ke yammacin Kingston. Uwa za ta kawo masa hoton ɗanta, ya kafa tsani, kwana uku sai ga mamacin yana kallon titi kamar zai yi magana. Ba ya rage wa kowa baƙin fatarsa. Yakan haɗa shuɗi da ja da ƙasa-ƙasa har fatar ta fito yadda Allah ya yi ta.

A bangon shagon Miss Icilda kuwa hoton 'yarsa ne, Verona, ma'aikaciyar jinya da harsashi ya samu tana tsallaka titi cikin farar rigar aikinta.

Da wani ɗan daba mai suna Orville ya karɓe unguwar, sai ya zo da mutanensa ya tsaya gaban bangon. Fuskarsa ta sha man bilicin ta yi jawur, wuya baƙi ƙirin.

"Tsoho, duk mai shigowa wannan bangon yake fara gani. Ni za ka sa."

"Akwai bango a bayan coci, ya ma fi wannan faɗi."

"Inda karnuka ke fitsari?" Mutanensa suka tuntsire da dariya. "Ita ta mutu. Ni ina nan."

Miss Icilda ta leƙo, ta hango bindiga a ƙugunsa, ta ja tagarta.

Linval ya roƙa a sa wani ya shafe hoton Verona. Orville ya ce a'a, hannun da ya zana shi zai goge. Aka kawo wa Orville kujera da giya mai sanyi, ya zauna kallo. Linval ya fara daga riga, ya bi kafaɗu, yana jan ƙafa.

"Fara da idon," in ji Orville. "Kallona take yi."

Ya shafe idon.

Kwana huɗu Linval yana zanen Orville. Sau biyu ana sa shi ya ƙara wa fuskar haske, har ta koma kalar gwanda. Ranar da ya gama aka sa kiɗa, aka soya kifi, aka turo masa faranti. Bai taɓa ba.

Bayan wata bakwai aka harbe Orville a mararraba. Uwarsa ta zo gidan Linval cikin baƙaƙen kaya, ta ce ya rubuta ranar mutuwar a ƙasan hoton, ya kuma yi masa fukafukan mala'ika. Mutanen ɗan nata suna tsaye a ƙofa. Linval ya tambaye ta wane iri take so, farare ko ruwan zinare.