Fasinja Mai Shekara Tamanin

Direba ya karanta katin da aka rataya masa a wuya, ya yi dariyar da sai da haƙorinsa na ƙarshe ya fito. An rubuta: fasinja mai shekara tamanin, ba ya iya tafiya, ƙofa ta ashirin da biyu.

Shi dai bai taɓa riƙe sitiyari ba. Kujerar marasa lafiya yake turawa a filin jirgin nan shekara goma sha tara, shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Direba, sunan kuma ya bi shi har gida. Yau ranar gwajin sabon ginin fasinjoji ce. An tara ma'aikata su yi kamar matafiya, kowa da jaka cike da tsofaffin jaridu. An kuma riga an gaya wa masu tura kujera su goma sha biyu cewa ba a tsara musu gurbi a nan ba, ƙananan motocin lantarki za su ɗauki aikinsu. Jibi za a kafe sunayen waɗanda za a riƙe.

Matarsa ta kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Da safe ya ce mata, "Ke dai goge min riga. Wanda ya zana ginin nan bai taɓa tura tsohuwa ba."

Gini kam ya ginu, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Gilashi tun daga ƙasa har rufi, daɓe yana sheƙi. Motar lantarki ta ɗauke shi sumul, ta sauke shi a kan benci gaban ƙofar bincike. Nan iyakarta, ba a barin mota ta ratsa. Wata motar tana jiransa a ɗaya ɓangaren.

Direba ya harɗe hannuwa ya zauna abinsa.

Jami'in binciken ya ce, "Haba Direba, taso mana. Taku goma ne fa."

"Wane Direba? Ni tsoho ne. Karanta kati."

"Don Allah bar wasa, layi yana taruwa."

"Yaro, ƙafafun nan rabonsu da taka ƙasa tun kana goye."

Masu jakunkunan jarida suka fashe da dariya. Ana cikin haka Injiniya ta iso, matar da aka damƙa wa gwajin gaba ɗaya, agogo a hannu, takalmi mai tsini a ƙafa. Ta dubi katin, ta dubi tazarar da ke tsakanin motocin biyu. Ba ta yi faɗa ba, kuma nan take ta burge shi. Ta aika aka ɗauko kujera daga tsohon gini, ta waiga neman mai turawa, sai ta tuna duk an mai da su fasinjoji. Ta kama hannun kujerar da kanta.

Mota ta biyu ta kai su kusa, ta tsaya, domin lungun ƙofa ta ashirin da biyu ya yi mata ƙunci. Injiniya ta ci gaba da turawa. Da suka hau kafet tayoyi suka nutse, numfashinta ya fara fita sama-sama.

"Ranki ya daɗe, tsohon yana son kewayawa."

"Baba, da gaske?"

"Duk tsoho sai ya nema kafin ya shiga jirgi. Ban taɓa ganin wanda bai nema ba."

Ƙofar banɗakin mai nauyi ce, tana komawa da kanta. Ta tokare ta da kafaɗa, ta ja kujera da hannu ɗaya, gwiwar Direba ta bugi bango. Ya ce wash, irin na tsofaffi, har da jan numfashi.

A bakin gadar shiga jirgi ta nufi gangara kai tsaye. Nan ya ajiye wasa, ya damƙe birki.

"Tsaya. Da baya ake sauka. Kika tafi a haka, tsohon zai kife ta fuska kafin ki ankara."

Ta juya shi a hankali, ya riƙa gaya mata inda za ta sa ƙafa, har suka kai ƙarshen gadar, inda ba jirgi sai iska. Ta duba agogo. An tsara minti goma sha biyu, sun ci arba'in da ɗaya. Ta jingina da bango ta yi rubutu mai tsawo.

"Ku nawa ne masu tura kujera?"

"Goma sha biyu."

Ta waiga ta dubi tsawon hanyar da suka biyo. "Ba za ku isa ba, sai an ƙaro wasu."

Daɗi ya cika shi, amma bai bari ya fito a fuska ba. Ya lura ta zare takalmi ɗaya, dunduniyarta ta saɓule.

"An gama gwajin?"

"An gama, Baba."

Ya cire katin daga wuya, ya miƙe tsaye, ya kaɗe mazaunin kujerar da tafin hannu.

"To zauna, ranki ya daɗe. Hanyar komawa da nisa."