Jan Biro a Littafi na Uku

Tun yana kwaleji ake ce masa Rikoda, kuma sunan ya bi shi har tsufa. In malamin tarihinsu ya buɗe baki, to hannun Rikoda ya kama aiki ke nan. Kwanan wata a saman shafi, darasi a ƙasa, har barkwancin Malam da "kun gane ko?" ɗinsa duk suna ciki. Ba neman maki yake yi ba. Son mutumin yake, don shi ne ya fara nuna masa cewa yana da kai.

Littattafai bakwai ya cika a shekara uku. Shekara arba'in da ɗaya suna kwance cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa, kowanne a nannaɗe cikin leda, da ƙwayoyin kafur saboda gara. Matarsa kan ce ko ita ba a lallaɓa ta haka. Shida yakan fito da su su sha iska in damina ta wuce. Na ukun kuwa ba ya buɗe shi.

Ga abin da ke ciki. Wata Laraba Malam yana koyar da yajin aikin masu haƙar ma'adinai, wanda littafin gwamnati ya ce mutum tara suka mutu a cikinsa. Sai ya tura ƙofar aji, ya ce, "Ku ajiye biro." Ya gaya musu mahaifinsa ne direban motar da ta kwashe gawarwakin, kuma sawu shida ya yi. Ɗalibai sittin suka ajiye biro. Rikoda ya sauke littafi kan cinya ya ci gaba da rubutu, don a ganinsa asara ce maganar Malam ta faɗi ƙasa.

Bayan wata biyu mataimakin shugaban kwaleji ya kira Rikoda, ya ce an ji labarin kyawun rubutunsa, ana so a ga yadda ake bin manhaja. Shi kuwa dolo, har da goge bangon littafin da hannun riga kafin ya miƙa. Da aka dawo masa da shi, an ja layi da jan biro a shafi huɗu, ga hatimin kwamitin bincike a gefe. Kafin ƙarshen zango an kori Malam, an hana shi koyarwa a ko'ina.

Gwamnatoci suka zo suka wuce, Malam ya rasu, abin da aka kore shi a kansa ya shiga littafin 'yan sakandare. Sai ga shugaban sashen tarihi na yanzu a falon Rikoda, da turarensa da murmushinsa, tare da wata ma'aikaciyar laburare. Kwaleji za ta buɗe ɗakin tunawa da Malam, kuma babu ko layi ɗaya na darussansa da ya rage sai a hannun Rikoda.

"Baba, wannan dukiyar ƙasa ce," in ji shugaban. "Za mu ɗauki hoton kowane shafi, mu sa su a gilashi."

Rikoda ya warware ledar littafi na uku da kansa, ya nuna musu jan layin. "Sharaɗina ɗaya ne. Wannan a nan za a buɗe shi. Kuma ga takarda na rubuta, yadda aka karɓe shi a hannuna da abin da aka yi da shi. A ajiye ta kusa da shi."

"Ai ba matsala, Baba, an gama."

Mutum irin Rikoda da ya yi shekara talatin yana duba kurakurai a maɗaba'a ya kamata ya san abin da "an gama" ke nufi a bakin mai ofis. Amma ya yarda, don yana so ya yarda. Ya gaji da ɗaukar abin shi kaɗai.

Ranar buɗewa aka zaunar da shi a sahun gaba. Shugaban sashe ya yi jawabi mai tsawo, ya ce kwaleji tana alfahari da ɗanta Malam, jarumin da ya bar aiki da wuri saboda yanayin zamani. Aka yi tafi. Rikoda bai tafa ba. Wai yanayin zamani, sai ka ce ruwan sama ne ya kori mutumin.

Da aka yanke kintinkiri ya nufi akwatin gilashin. Littattafansa bakwai na jere. Na ukun a buɗe yake, amma a shafin taswira. Takardarsa babu ita. A jikin bango akwai allon kwamfuta mai nuna shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya har shafin Larabar nan ya zo. Ga rubutunsa, ga sawu shida, amma shafin fes, ba jan layi ba hatimi.

Ma'aikaciyar laburaren tana gefe. Ya dube ta.

"An ce datti ne, Baba, wai mu goge a kwamfuta," ta ce a hankali, idonta a ƙasa. "Takardarka tana fayil. Ni dai na faɗa musu bai dace ba."

Kafin ya amsa, shugaban sashe ya iso da wata mata mai furfura kaɗan a goshi, ya ce ga 'yar marigayi, ga kuma ɗalibin da ya adana mana mahaifinki. Ya haɗa su, ya wuce wajen manyan baƙi.

Goshin Malam ne a fuskarta sak. Rikoda ya ga in bai faɗa yanzu ba, an goge ke nan har abada.

"'Yata, kada ki gode mini. Littafin nan na uku, da shi aka kori babanki. Ni na rubuta, ni na miƙa."

"Mun sani, Baba," ta ce.

Ya riƙe gefen gilashin.

"A gabansa aka karanta, kuma ya san rubutunka. Ya ce ba ka ƙara masa kalma ba, ba ka rage ba. Ya ce yaudararka aka yi, kai yaro ne. Bai taɓa riƙe ka da wannan ba."

Shekara arba'in da ɗaya yana tsoron tsinuwa, ashe ba a ma yi ta ba. Har ya fara jin numfashinsa na saukowa, sai ta ci gaba, muryarta ba ta tashi ba.

"Shekara goma sha tara ya yi yana cika wa mutane fom a bakin gidan waya. Tebur ɗaya, kujera ɗaya. Ni ke kai masa abincin rana. Yakan ce, yau na hango Rikoda ya tsallaka titi, wataƙila sauri yake. Kowa ya guje shi bai damu ba. Kai yake jira, don ya ce kai kaɗai ka saurare shi."

Gaskiya ta faɗa. Gidan wayar yana kan hanyar maɗaba'a. Kullum sai ya tsallaka ɗaya hannun, kansa a sunkuye, ya koma gida ya duba ko laima ta taɓa akwati.

"Kunya ce, 'yata," ya ce.

"Na sani. Takardun dai sun ji daɗinka, Baba. Dubi, ko gara ba ta taɓa su ba."

Ta sunkuya tana kallon rubutun, ta daɗe. Sannan ta ce tana so ta ga jan layin da idonta, sau ɗaya, tunda shi ya cinye musu gida. Rikoda ya kai hannu ga murfin gilashin ya ji shi a kulle. Ma'aikaciyar ta ce makullin yana wajen shugaban sashe, shi kuma ya shiga cin abinci da baƙi.