Fim ɗin Baba Maikano

Kamaluddeen malamin firamare ne a Basirka, ya daɗe yana son yin fim a kan Baba Maikano na Dingaya, tsohon mawaƙin noma da babu sauran irinsa a ƙasar Gwaram. Bana ƙaramar hukuma ta ce za ta tallafa wa masu shirya fim, ta ara masa kyamara da mota na mako guda. Har Birnin Kudu ya je ya ɗauko mai ɗaukar hoto.

Da suka isa Dingaya da hantsi, Munawwara 'yar tsohon ce ta tarbe su a zaure.

"Malam, kun makara," in ji ta. "Tun farkon damina ɓarin jikinsa ya shanye. Magana ma ba ta fita."

Duk da haka ta shigar da su. Tsohon ya gane Kamaluddeen, ya yi ta motsa baki, sai miyau ke zuba. Da hannun hagu ya riƙa buga tabarma, kiɗan gayya sak, hawaye na bin kuncinsa.

Kwana biyar Kamaluddeen yana bin gidaje yana neman wanda ya haddace waƙoƙin. Wani ya tuna baiti ɗaya, wani rabin amshi. Samarin sun tafi birni neman aiki.

Ranar da ya mayar da kyamara, jami'in ƙaramar hukuma ya tambaye shi yaushe za a haska fim.

"Ranka ya daɗe, babu fim," in ji shi. "Mai waƙar ya yi shiru."