Da Hannun Hagu

Saura kwana tara jarrabawar shiga makarantar likitanci Auta ta zame a matakalar ɗakin gwajin jini inda take aiki, hannunta na dama ya karye.

Washegari ta zauna a falo da kwamfuta a cinya, ta buɗe shafin ɗage jarrabawa. In ta ɗage, sai baɗi. Yayarta tana guga a gefe, ta leƙo.

"Karo na nawa ke nan?"

"Na uku. Amma wannan ai da dalili, Yaya."

"Na baya ma da dalilinsu. Da hannu kike tunani ne?"

Auta ta rufe shafin, ta ɗauko tsofaffin tambayoyi, ta sa agogo, ta gwada amsawa da hagu. Lokaci ya cika saura goma sha ɗaya. Bayan kwana biyar suka koma huɗu.

Ranar jarrabawa ta bar biyu ba ta taɓa ba. Makinta bai kai na makarantar da take so ba, amma ya kai na wata mai nisa. Can ta nema, suka ɗauke ta.